FARIN ƁERAN GIMBIYA

Na san wata tana buɗe wannan shafi za ta taɓe baki ta ce, "To ita kuma wannan me ya haɗa ta da wasan yara na kwamfuta, ita da muka saba gani da littattafan soyayya?" Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki sauke tukunyar in ta nuna, ki gyara zama. Wasan da zan ba ki labari soyayya ce tsantsa a cikinsa, har da auren dole, kuma ya shigo gidanmu ne a daidai lokacin da auren dole yake ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Ni 'yar ƙauye ce, ba na ɓoyewa. An haife ni a wani ɗan ƙauye arewa da birnin Kano, tsakanin Bichi da Dambatta. Wadda ta san yankin nan ta san ba mu da daji. Gona jikin gona take, gida yana hango gida, in kika tsaya a kan jigawa bayan an yi girbi ba abin da za ki gani sai kututturen dawa da gawo da ɗorawa da kuka, sai hayaƙin gidaje ta kowace kusurwa. Ba a barin gona ta huta a wurinmu, don babu wata da za a koma. Kowace shekara sai an ciyar da ita da taki kafin ta ciyar da mutane, shi ya sa kashin awaki da tokar murhu ba abin zubarwa ba ne a gidajenmu. Kuma duk mutuwar magidanci sai gona ta ƙara tsagewa, 'ya'ya su raba, jikoki su sake rabawa. Babanmu 'yan gonaki uku ya gada, biyu a tudu, ɗaya a bakin fadama. Ta fadamar nan ita ce idon gidan, don ita ke ba mu rake da tumatir da albasa da rani. Ki riƙe zancen gonar nan, za mu dawo kanta.

A shekarar 2001, ina da shekara 11, bayan an gama kaka sanyi ya fara shigowa, sai ga Kawunmu, ƙanen Inna, ya sauka daga birni da wasu kwalaye a bayan akori-kura. Yana aiki ne a wani shagon buga takardu da hoto-kwafi, to maigidansa ya sayi sabuwar kwamfuta, ya sallama masa tsohuwar a madadin wasu kuɗaɗensa. Burinsa ya buɗe nasa shagon a Dambatta, amma kuɗin haya bai samu ba, sai kwamfutar ta yi zamanta a shagonsa na zaure a gidan Kakarmu, an lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙurar hunturu. Garinmu babu wutar NEPA ko ta gani da ido. Ɗan ƙaramin janareta yake arowa wurin wani abokinsa, mu kuma yara mu haɗa kuɗin mai. Lita naira 22 ce a gidan mai a lokacin, amma mu a galan muke saye a bakin titi, ya ɗara haka.

Ranar da aka fara kunna ta har tsofaffi sun leƙo. Kawu ya danna wasu baƙaƙe, sai wani kiɗa siriri ya tashi kamar na algaitar da mura ta kama, sai ga hoton fada irin ta ƙasashen gabas. Sunan wasan Prince of Persia, wato Yariman Farisa, mu dai "Firins" muke ce masa. Rubutun Turanci ya fito, Kawu yana karantawa yana fassara mana. Wai Sarki ya tafi yaƙi wata ƙasa mai nisa, ya bar gari a hannun Wazirinsa mai suna Jaffar. Waziri yana son sarauta, ba abin da ya tare masa hanya sai 'yar Sarki. Ita kuwa wani saurayi baƙo take so, matafiyi wanda ba ɗan kowa ba. Sai Waziri ya sa aka kama saurayin aka jefa shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa, ya shiga ɗakin Gimbiya ya ɗaga hannuwansa, sai ga wata kwalba mai ƙugu ta bayyana, rairayi yana zuba daga samanta zuwa ƙasa. Ya ba ta awa ɗaya: ko ta aure shi, ko ta mutu.

Kaka tana daga bakin ƙofa da carbinta ta ce, "Oh ni! Har can ma Waziran haka suke?" Aka kwashe da dariya. Duk wadda ta karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ta san inda Kaka ta dosa, don can ma Sarki fita yaƙi ya yi, Waziri ya zauna yana ƙulla makirci a bayansa. Ita Kaka ba ta yi boko ba, a bakin jikoki ta ji labarin, amma ba ta manta Waziri ba.

Bari in kwatanta miki yadda wasan yake, don na yau da yara ke yi a waya ba haka suke ba. Kin ga kamar a ce an yanke gida a tsaye, an cire bango ɗaya, kina kallon mutanen ciki ta gefe. Ɗan saurayin nan sanye da fararen kaya, ba takalmin kirki ba takobi, yana gudu dama ko hagu, in ya ƙure ɗaki sai allon ya juya zuwa na gaba. Hawa 12 ne tsakaninsa da Gimbiya, kuma awa ɗayar nan ta gaskiya ce, minti 60 cif, agogo yana tafiya ko kina ci gaba ko kina faɗuwa. In ya mutu ba a ce wasa ya ƙare ba, za ki koma farkon hawan, amma mintocin da suka tafi sun tafi ke nan. Akwai daɓen da ke rawa, kina takawa ya rufta. Akwai tsinayen ƙarfe da ke tsirowa daga ƙasa. Akwai wasu wuƙaƙe biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, suna haɗuwa ƙaf! ƙaf! in suka same shi sai ki ga jini a jikinsu. Akwai dogarai masu takubba, da wani ƙwarangwal a hawa na 3 wanda sara ba ya kashe shi, sai dai a tura shi rami. Akwai kwalaben magani, wani ya ƙara lafiya wani ya rage. Ƙofofin kuma na ƙarfe ne masu sauka daga sama, ba sa buɗewa sai an taka wani tubali na musamman a daɓe, wani lokaci yana can nesa a wani ɗakin, kina takawa ƙofar ta ɗaga, ta fara saukowa a hankali, ke kuma ki zuba da gudu.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne tafiyar yaron. Wallahi kamar mutum. In ya tsaya daga gudu sai ya ɗan zame, in ya yi tsalle ya kama bakin gini sai ki ga ƙafafunsa suna lilo, in ya faɗo daga nesa sai ya durƙusa kafin ya miƙe. Kaka har cewa ta yi a daina wahalar da ɗan mutane.

Samarin gidan su suka fara mamaye wurin, mu mata sai leƙe. Amma kin san halin maza da gaggawa. Kowa ya zauna sai ya danne maɓallin gudu, minti biyu ya faɗa kan tsini. Yayata, wadda nake bi, tana da shekara 16 a lokacin, ita ta lura da wani abu. Ta ga in Kawu ya haɗa wani maɓalli na gefe da na tafiya, yaron ba ya gudu, taku ɗaya yake yi a hankali, in ya zo bakin rami ma sai ya miƙa ƙafa ya janye. Da wannan takun ana ratsa tsakiyar tsinayen nan lafiya lau. Ranar da aka ba ta kujera, ita da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, sai da ta ɗauko takobi ta kashe dogarin farko ta fita hawa na 1 ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Samari suka yi tsit. Wani ya ce sa'a ce. Ba sa'a ba ce, Yaya mace ce da za ta zauna ta tsince tsakuwa daga kwanon shinkafa ɗaya bayan ɗaya ba ta ƙosa ba. Daga ranar in an maƙale sai a ce a kira ta. Daga hawa na 3 wasan yana yarda a ajiye inda aka tsaya, to sai ajiyar ta zama tata, ba mai taɓa mata.

Yanzu mu koma gida.

Damina biyu a jere wuta-wuta ta cinye mana dawar tudu, ga Inna ta yi wata doguwar jinya bayan haihuwar autanmu. Baba ya ci bashi wurin wani Alhaji mai sayen hatsi yana kaiwa kasuwar Dawanau, na takin zamani da na magani, har abin ya kai ya ba shi jinginar gonar fadama. Alhajin nan sa'an Baba ne ko ya girme shi, matansa uku. Bai taɓa zuwa ya yi mana rashin mutunci a kan kuɗinsa ba, gaskiya ɗaya ce. Sai dai ya ga Yaya wata rana ta kai wa Baba abinci gona, bayan kwana kaɗan ya turo manya. Maganar da suka kawo a nannaɗe take, amma kowa ya gane: tsakanin suruki da suruki babu zancen bashi, gona kuma ta koma hannun mai ita.

Baba ya amsa. Aka sa rana kwana 15.

Yaya tana da wanda take so, wani ɗan saurayi mai ɗinki a bakin kasuwa, mai sanyin murya, wanda ya iya rubuta wasiƙa da jan biro da shuɗi. Ni ce 'yar aikensu, na san komai. Da labari ya same shi, ni da Yaya mun ɗauka zai tayar da ƙura, ya turo iyayensa, ya je wurin mai gari, ko dai wani abu. 'Yar uwa, kin san abin da ya aiko ni in faɗa mata? Wai ta yi haƙuri ta bi iyaye, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Kafin mako ya zagayo ya naɗe kekensa ya tafi cin rani Legas. Ban ce mugu ba ne. Yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ba shi da ko akuya, da me zai ja da mai motar hatsi? Amma dai Yarima bai fito daga kurkuku ba, ko ƙofar farko bai gwada ba.

Yaya ba ta yi ihu ba, ba ta yi barazanar faɗawa rijiya ba irin na cikin littattafai. Ta daina cin abinci sosai, ta daina magana. Inna tana kuka a ɓoye a madafa, don ita ba ta da bakin magana, kuɗin maganinta ne rabin bashin, kullum tana ganin ita ta jawo. Kullum da safe Yaya sai ta ja layi ɗaya da gawayi a bayan ƙyauren ɗakinmu. Ni kuwa ina ganin layukan nan sai in tuna rairayin Gimbiya.

Saura kwana 9 aka ce ta je gidan Kaka ta yi kwana biyu a fara yi mata 'yan gyare-gyare, ni ce 'yar rakiya. Da daddare ta kunce bakin zanenta ta ba Kawu kuɗin ƙuli-ƙulinta ta ce a sayo mai. Kawu ya dube ta, bai ce komai ba, ya tafi ya aro injin. A lokacin ta kai hawa na 8. Kafin hawan ya fara, sai aka nuno Gimbiya a ɗakinta, rairayi ya yi ƙasa sosai, ta durƙusa tana shafa wani ɗan farin ɓera, sai ɓeran ya ruga ya fita. Mun sha ganin ana nuno ta tsakanin hawa da hawa, wani lokaci a tsaye, wani lokaci a kishingiɗe tana kallon kwalbar, don haka ba wanda ya kula. Wani yaro ma cewa ya yi, "Ji banza, ana ta mutuwa dominta tana wasa da ɓera."

Hawan nan yana da wuya, akwai wani dogari a farkonsa da ya iya takobi ƙwarai. Yaya ta sha fama, ta wuce shi, ta ratsa wuƙaƙe, ta je can ƙurya ta taka tubalin da ke buɗe babbar ƙofar fita. Ta juyo za ta koma, sai ta tarar ƙofar ƙarfe ta sauko ta rufe ta a wani ɗan lungu. Tubalin da ke buɗe ta yana waje, tana ganinsa, ba ta isa ta taka ba. Ta yi tsalle, ta laluba bango, ta duba sama ko akwai daɓen da zai rufto. Babu. Samari suka ce, "Shi ke nan, kin yi kuskure, sai ki sake daga farko." Ita kuwa sai ta sauke hannuwanta daga kan maɓallan ta ɗora a cinya, ta zuba wa allon ido. Na dubi fuskarta a hasken nan, na ga hawaye yana bin kumatunta, kuma na san ba don wasa ba ne.

Ba a jima ba sai ga wani ɗan abu fari ya shigo da gudu ta gefen allo. Ɓeran nan ne. Ya zo ya hau kan tubalin, ƙofa ta ɗaga, ya ɗan tsaya ya ɗaga kai kamar mai cewa "to fito mana", ya juya ya tafi.

Zaure ya kaure da ihu. Kaka ta aiko a tambaya ko kunama ce. Yaya dai ba ta yi dariya ba, ta fitar da yaron, ta shiga ƙofar hawa na 9, aka nuno ɓeran ya koma wurin uwar ɗakinsa. Sai ta miƙe ta ce wa Kawu a kashe, mai ya isa haka.

Cikin dare muna kwance a tabarma ɗaya, na ɗauka ta yi barci, sai na ji ta taɓa ni. Ta ce, "Ke, kin iya hanyar gidan Gwaggo ke kaɗai?"

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Tana aure a wani ƙauye tafiyar kamar awa biyu a ƙafa. Da gangan Baba bai aika mata ba, ya ce sai ana saura kwana biyu a gaya mata ta zo biki, don ya san halinta. Yaya kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mata, shi ya sa Gwaggo ba ta kiranta da komai sai "Uwata". Na ce na iya. Ta ce, "Gobe in kin ɗauki tallan ƙuli, kada ki tsaya a gari. Ki je ki ce mata uwarta tana gaishe ta, kuma an sa mata rana saura kwana 8, ba da sonta ba. Kada ki ƙara kada ki rage." Ta cire ɗan zoben azurfar da Gwaggon ta ba ta ta ɗaura mini a bakin ɗankwali.

Har yau in na rufe ido ina ganin hanyar nan. Hazo ya rufe gari, sanyi yana tsaga leɓe, na bi burtali tsakanin shingen aguwa da faranti a ka, ƙafata duk faso. Duk wanda na gamu da shi sai gabana ya faɗi, don a yankinmu ba baƙo, kowa ya san 'yar gidan wane ce. Wani mai jaki da mangalar taki ya ce, "'Yar Malam, ina zuwa da nisa haka?" Na ce aike. Mata biyu suka tsayar da ni suka sayi ƙuli, ina ba su canji hannuna yana rawa. Tsoron karnukan wata rugar Fulani ya sa na yi zagaye har na ɓata, sai da wata yarinya mai tallan nono ta sa ni a hanya.

Na tarar da Gwaggo tana ba shanunta dusa. Bijimai biyu take turkawa, shekara da shekaru tana juya kuɗinsu, ta sayar ta sayi ƙanana ta sake kiwo, tana tara kuɗin kujerar Makka. Na durƙusa na faɗi saƙo yadda aka ba ni, na kunce zoben na miƙa mata. Ta juya shi a tafin hannunta. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ce, "Kin ci abinci?" Ta dama mini fura, ta shiga ta gaya wa mijinta, ta ɗauko mayafi.

Da la'asar muka shiga gidanmu. Baba yana ganinta da ni a bayanta ya gane. Ta ce kowa ya ba su wuri, ni kuwa na laɓe bayan rumbu. Ta ce, "Auta, nawa ne kuɗin?" Ya faɗa. Ta ce, "To. Tun da Baffa ya rasu na taɓa tambayarka rabona a gonakin nan?" Ya ce a'a. Ta ce, "Shekara nawa kana noma shi kana ci?" Ya yi shiru. Ta ce, "Ban zo karɓar ƙasa ba, ka riƙe. Uwata na zo karɓa a madadinsa. In kuwa ka ce a'a, to gobe mu je wurin alƙali a fitar mini da nawa, ka ga sai ka san abin da za ka jinginar." Ta ƙara da cewa ya je ya tambayi liman ko an ce a ɗaura wa yarinya aure tana kuka.

Nan zan ɗan tsaya, 'yan uwa. Yawancin iyayenmu mata a karkara haka suke barin gadonsu na gona a hannun 'yan uwansu maza, kunya da zumunci ba sa barinsu su tambaya. Wasu suna ganin wauta ce. Wataƙila. Amma Gwaggo ba mantawa ta yi ba, ajiya ta yi, kuma ta san ranar da za ta ɗauko.

Ban taɓa jin kukan Baba ba sai ranar. Ƙasa-ƙasa yake yi, yana cewa, "To ya zan yi da mutumin nan? Na riga na amsa. Da wane ido zan dube shi?" Ta ce, "Da idon da za ka dubi 'yarka."

Kada ki ɗauka daga nan sai aka yi ta guɗa. Ranar kasuwar Dambatta aka kai bijiman Gwaggo duka biyu. Kuɗinsu ya biya bashin takin da na magani da kayan da Alhaji ya riga ya kawo, amma bai kai ya fanshi gonar fadama ba. Alhaji ya ji haushin an kunyata shi, ya ce shi ma ba zai ƙara ɗaga ƙafa ba, ƙarshe dai gonar sayar masa da ita aka yi, aka cike masa. Tun daga shekarar ba mu sake shan raken gidanmu ba, Baba ya koma yin ƙwadago a gonar wasu da rani. Gwaggo ta sake fara kiwo daga tunkiya, kuɗin kujera kuma yana ta hawa yana gudunta, har Allah Ya karɓi ranta ba ta je ba. Allah Ya jiƙanta, Ya ba ta ladan niyyarta. Ni kuwa Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Wata guda cur in na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Yaya ta koma hannun Gwaggo. Bayan shekara biyu ta auri wani malamin firamare na ƙauyensu, da yardarta. Ba attajiri ba ne, ba kuma kyakkyawan da ake kwatantawa a littafi ba, suna faɗa suna shiryawa kamar kowa, 'ya'yansu shida. Kwamfutar Kawu kuwa ƙura da zafi suka kashe ta kafin damina, Yaya ba ta wuce hawa na 9 ba.

Da na girma na fara rubutu, littattafaina uku na farko duk da kuɗin adashina na buga su, kuma duk ukun akwai auren dole a ciki. Kin san yadda na warware su? Saurayi ne yake dawowa daga Turai da digiri da mota ana gobe ɗaurin aure. Ni da na ga yadda abin yake da idona, ni da na taka burtalin nan da ƙafata, sai na zauna na rubuta wa 'yammata cewa su yi ta kuka a ɗaki Yarima yana hanya. Don shi ake saye, shi ke da daɗin karantawa. Ko sau ɗaya ban sa wata gwaggo ta kwance shanunta ba. Wannan abu yana damuna, shi ne ma dalilin wannan rubutu.

Shekarun baya kaɗan, maigidana ya samo mini wasan a kwamfutarsa ta hannu, don ya gaji da jin labarinsa. A nan ne na bi diddigi na san wanda ya ƙirƙira shi. Wani Ba'amurke ne mai suna Jordan Mechner, ya fitar da shi a 1989 a kan wata kwamfuta mai suna Apple II, kamfanin Broderbund ya sayar, a 1990 aka yi na irin kwamfutar Kawu. Labaran Dare Dubu Da Ɗaya suna cikin abin da ya ba shi sha'awa, ashe shi ya sa muka ji abin kamar namu. Tafiyar yaron da ta ba mu mamaki kuwa, ashe ƙanensa David ya sa wa fararen kaya, ya ɗauke shi a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa. Kiɗan kuma mahaifinsu ne ya tsara. Da na ji haka na yi dariya, na ce ashe Kaka ta yi gaskiya, ɗan mutane ne ake wahalarwa. Daga baya an yi wasu sababbi da sunan, har fim an yi a 2010, na kalla, bai kama ƙafar ɗan yaron nan mai fararen kaya ba a wurina.

Na ɗauki makonni ina yi in yara sun yi barci. A hawa na 4 akwai wani madubi da ke tare hanya, dole sai an yi tsalle an ratsa shi, kina ratsawa sai inuwar yaron ta fita ta ɗaya gefen ta gudu. Tun muna yara mun san inuwar nan, ita ce ke shanye maganin hawa na 5, ita ce ke rufe ƙofa a hawa na 6 yaron ya faɗa rami. Mun tsane ta fiye da Waziri. To a hawa na 12 sai ga ta da takobi. Na ce yau za ki gane kurenki. Na sare ta, sai na ga lafiyata ce ta ragu. Na sake, haka. In na kashe ta sai mu mutu tare. Dare biyu ina wannan, sai 'yata ta fari, da ta ƙi barci tana leƙe, ta ce, "Umma, to ki daina dukanta mana." Na mayar da takobi kube. Ita ma ta mayar. Na matsa, ta matso, suka shige jikin juna suka zama mutum ɗaya.

Na daɗe zaune ban danna komai ba, agogo yana ta cin mintocina. Baba ne ya faɗo mini a rai. Shekara da shekaru ina sa shi a littattafaina da sunaye daban-daban, uba mai kwaɗayi, uba mai taurin kai, ina saransa da biro, kuma kowane sara ni yake yi wa ciwo. Ya rasu ban taɓa zama na tambaye shi yadda ya kwana a daren da ya amsa wa Alhaji ba, da mata a kwance, da rumbu rabi, da bakuna tara. Abin da ya yi niyya ba daidai ba ne, har gobe ba zan ce daidai ne ba. Amma ba shi ne Waziri ba.

Na ƙarasa. Bayan inuwa akwai wani wawakeken rami da ba gada, sai an yi ƙundumbala an taka iska sannan daɓe ya bayyana a ƙarƙashin ƙafa. Na kashe Jaffar saura minti huɗu, agogo ya tsaya, yaron ya ruga ɗakin Gimbiya ta tarye shi. Can sai ga ɗan farin ɓeran ya shigo ya tsaya a gefensu.

Sha ɗaya ta wuce amma na kasa haƙuri, na buga wa Yaya waya. Ta ɗauka da muryar barci tana tambaya ko lafiya. Na ce, "Yaya, na kai Firins wurin Gimbiya." Ta yi shiru, har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce, "Ɓeran yana nan?" Na ce yana nan, har ƙarshe an nuno shi. Ta ce, "To madalla. Ke, in za ki zo suna ranar Asabar ki taho mini da zoben nan, na ga alama ke kin manta ba naki ba ne."